Faɗan Kwamanda

Ni dai ba a taɓa yi mini shaidar sanyin baki ba. Tun ina budurwa ake cewa a gidanmu in na fara faɗa har kajin maƙwabta sai sun nemi wurin fakewa, kuma aure bai rage mini komai ba, sai ma abokin yi da ya ba ni. Mijina soja ne, makanikin motocin bataliyarsu. Kofur kowa yake ce masa, har ni, har mahaifiyarsa in tana cikin nishaɗi. A bariki an ce babu mai tsabtar aikinsa. A gida kuwa, Allah ya sawwaƙe! Takalmi ɗaya a ƙofa, ɗaya a ƙarƙashin kujera, jiƙaƙƙen tawul a kan gado, sifana cikin kwandon cokula. Ni in yi ta masifa, shi ya yi ta dariya, in na gaji na yi shiru ya ce, "Kin manta da hular, tana kan tukunyar shinkafa," in dasa sabon faɗa. Haka muke hirarmu, kuma wallahi ban taɓa kwana da shi a raina ba.

Sai yaƙi ya zo aka tura su bakin daga. Ba a jima ba aka ce ayarinsu ya faɗa hannun abokan gaba. Babu gawa, babu labari, kullum sai "a ƙara haƙuri". Sama da shekara biyu ina taka keken ɗinki a shagonmu ina jiran a kira ni, ban san ko matar aure ce ni ko mai takaba ba. Ranar da aka yi musayar fursunoni aka karanto sunansa, ina cikin yanka yadin wata amarya. Na raba shi biyu ta inda ba a ce ba, kuma ko a jikina.

Kafin a bar mu mu gan su, aka tara mu matansu a wani ɗaki a asibitin sojoji. Wata jami'a mai farin tabarau, mai magana kamar tana lallashin jariri, ta ce mutanen nan sun sha tsawa da duka. Kada a ɗaga musu murya, kada a buga ƙofa, kada a yi musu tambaya, a bi su a hankali. Surukata, wadda nake kira Inna, tana zaune kusa da ni, ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Kin dai ji da kunnenki," in ji ta. "Bakin nan naki, ki sa shi a ƙarƙashin kekenki ki bi ta kansa sau biyu. Ɗana ba shi da sauran ƙarfin ɗaukar masifarki."

Da a ce wata rana ce daban da Inna ta sha amsa. Amma da aka buɗe ƙofa na gan shi, riga na yawo a jikinsa, wuyansa duk jijiya, gashin kansa ya yi fari ta gefe ɗaya, sai na rantse a zuciyata cewa ko wuta ya sa wa gidan ba zan ce uffan ba. Na durƙusa gabansa na ce, "Sannu da dawowa," da wata 'yar siririyar murya da ni kaina ban san ina da ita ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Na gode."

Mutumin da na kawo gida ba ya yar da komai. Da safe zai naɗe bargonsa kusurwa huɗu cif, ya wanke kofinsa ya kife, ya zauna bakin gado hannuwa a kan gwiwa. In na shigo ɗaki sai ya miƙe tsaye. In zai zaga bayi sai ya tsaya a ƙofa ya ce, "Zan iya fita?" Ni kuma in ce, "Haba, gidanka ne ai," a hankali, ina murmushi har kumatuna su yi tsami. Inna ta tare a wurinmu don ta sa ido a kaina, tana ta yaba mini wai ashe ina da hankali. Gidanmu da a da ake jin mu tun daga bakin layi ya koma kamar ɗakin jiran likita. Sannu, yauwa, na gode, babu komai. Ina son mutumin nan kamar raina, ga shi a gabana, amma kewarsa nake yi fiye da lokacin da ba ya nan.

Bayan 'yan watanni sai ya ɓullo da wani abu. Na shigo ɗaki wata safiya na tarar da jiƙaƙƙen tawul shimfiɗe a tsakiyar gado, shi kuma yana tsaye jikin taga yana kallona. Maganar ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta, na ɗauki tawul na shanya a igiya. Washegari takalminsa na tsinta a kan teburin cin abinci. Na ɗauke. Wata rana ya bi ni shago, ya ɗora kofin shayi a kan farin yadin mutane, ya tsaya. Na ɗaga kofin, na ga zoben da ya bari a jikin yadin, na ce, "Babu komai, zai fita da sabulu." Ya sunkuyar da kai ya fita. Na ce a raina, Allah sarki, abin har ya taɓa masa tunani.

Abokiyar aikina, wadda muke kira Mai Surfani, ita ta sha sauran. Duk faɗan da na haɗiye a gida a kanta nake juye shi, ita da keke da zaren da ya tsinke. Ta ce, "Ke, ni ba mijinki ba ce, ki kai kayanki inda aka yi oda."

Ana nan, wata rana muna cin abinci ya ajiye cokali ya ce abokin zamansa a can, wanda suke kira Kuku saboda shi ne mai dafa wa rundunarsu abinci, ya buɗe ɗan gidan abinci kusa da tashar mota a wani gari mai nisa. Akwai ɗaki a bayan shagon. Zai je ya ɗan taya shi aiki.

"Na kwana nawa?" na tambaya, a hankali.

"Sai yadda ta yiwu. Ke ma kya huta." Bai dube ni ba. "Kin yi ƙoƙari da ni. Allah ya saka miki."

Allah ya saka mini! Kamar wata ma'aikaciyar jinya da ya gama kwanciya a ɗakinta. Na san Kofur, na san in ya hau motar nan ba zai dawo ba. Zai riƙa bugo waya yana gaishe ni da ladabi har mu tsufa. Bakina ya cika fal da magana, amma Inna na gefe tana zare mini ido. Na ce, "To, yadda ka gani."

Ranar da Kuku zai zo ɗaukarsa na kasa zaman gidan, na gudu shago tun da safe. Wajen azahar sai ga wani gajeren mutum a ƙofa, baƙi, mai faɗin kafaɗa, haƙoransa na gaba babu. Ya ce direban tasi ya sauke shi a nan, an ce masa matar Kofur a wannan shagon take. Mai Surfani ta nuna ni da baki. Kafin in ce wani abu mutumin nan ya haɗa ƙafafu, ya ƙame, ya sara mini.

"Kwamanda!" ya ce da ƙarfi, har wata mai jiran awo ta zabura.

Na ɗauka larurar nan ce irin tasu, ta waɗanda suka dawo daga hannun abokan gaba. Na jawo masa kujera, na sa murya ta asibiti na ce, "Sannu da zuwa, sannu da hanya. A kawo maka ruwa ko shayi? Ka huta tukuna, sai mu ƙarasa gidan."

Ya zauna yana kallona, ya kalli Mai Surfani, ya sake kallona.

"Yi haƙuri," ya ce. "Ke ƙanwarta ce?"

"Ƙanwar wa?"

"Matar Kofur."

"Ni ce matar Kofur."

Ya girgiza kai. "A'a. Matar Kofur na san ta. Shekara biyu tana tashina daga barci."

Mai Surfani ta saki allura ta gyara zama. Ni kuwa na fara jin kunnena yana zafi. Na ce, "Malam, ka yi magana yadda za a gane."

Maimakon ya amsa sai ya miƙe, ya ja wani ƙyallen yadi daga kan tebur ya yafa a kai, ya dafe ƙugu da hannu ɗaya, ya karkata wuya, ya ja wani dogon tsaki. Sannan ya buɗe wannan bakin nasa marar haƙora, muryata ta fito.

"Kai, ni na shiga uku da mutanen nan! Rana ta fito har ta gaji da jira, ku kuna nan kun baje kamar wankin da iska ta kayar! Wannan bargo ne ko tsumman goge ƙafa? Wato ni ce baiwar da aka sayo muku, ko? To bari ku ji, hannu biyu Allah ya ba ni, ba goma ba! Kai mai ƙaton kai, wannan fuskar ka wanke ta ko gaishe ta ka yi da ruwa?"

Mai Surfani ta faɗo daga kan kujera don dariya, tana buga ƙasa tana cewa, "Wallahi ita ce! Har tsakin!" Ni ban yi dariya ba. Maganata ce, kalma bayan kalma, har inda nake tsayawa in ja numfashi. Na ji kamar na tarar da baƙo sanye da rigata.

Kuku ya cire ƙyallen ya ninke shi da kyau, ya zauna. Fuskarsa ta canza.

"A wani ɗakin ajiyar kaya suka zuba mu," ya ce, "taga ɗaya can sama. Kin san a irin wurin nan ba yunwa ce take fara kashe mutum ba. Da farko zai daina wanke fuska. Ruwan gwangwani ɗaya ake ba mu, sai ya ce me zai sa in ɓata shi a fuska. Daga nan ya daina naɗe bargo. Daga nan sai ya juya wa mutane baya ya fuskanci bango. In mutum ya fuskanci bango, to sai dai addu'a. Mun rasa mutane a haka, babu ciwo babu komai."

Ya karɓi ruwan da Mai Surfani ta miƙo masa ya riƙe bai sha ba.

"Wata safiya kowa na kwance, babu mai motsi, sai muka ji mace tana zazzaga masifa a tsakiyar ɗaki. Muka zabura. Ashe Kofur ne, ya yafa bargo a kai. Wallahi tun da aka kama mu ranar muka fara dariya. Har mai gadi ya leƙo. Da ya gama sai ya ce, 'Matata ke nan. In ba ku tashi ba za ta sake.' Shi ke nan ya zama aikinsa, muka sa mata suna Kwamanda. Kowace safiya Kwamanda za ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, wannan bargonsa, wancan farcensa, wancan warin bakinsa. Kuma muka kafa doka, duk wanda ta yi wa faɗa dole ya mayar mata da magana, ko da tsaki ne, ko da zagi. Da haka muke gane kowa yana nan. Har manyan hafsoshin da ke cikinmu ba ta ƙyale ba. Akwai wani mai anini uku, kin taɓa ce masa gara buhun gawayi da shi, ko banza a dafa ruwa."

"Ni?" na ce.

"Ke. Kuma ya tashi ya naɗe bargonsa."

Hawaye ya zo mini, na share da bayan hannu don kada ya ɗiga a kayan mutane. Shekara biyu ina nan ina tunanin ban iya yi masa komai ba, ashe ina can ina aiki.

"Akwai wanda muke kira Ango," Kuku ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa, "don bai daɗe da aure ba aka turo shi. Shi ya fi kowa iya mayar miki da magana, in kun haɗu sai mun riƙe ciki. Zazzaɓi ya kama shi, ya fara fuskantar bango. Wata safiya Kofur ya tsaya a kansa ya yi faɗan bargo, shiru. Ya yi na fuska, shiru. Sai ya yi wannan da kike yi in abin ya kai ki maƙura. 'Tashi mana, ko mutuwa ka yi ne?'"

Na dafe ƙirji. Maganar nan na faɗa wa Kofur ita babu adadi, duk ranar hutun da ya ƙi tashi.

"Muka jira amsa," in ji Kuku. "Ashe tun kafin gari ya waye ya cika."

Ya share fuska da tafin hannu, ya ci gaba.

"Bayan nan Kofur ya daina. Shi ma ya fara kallon bango. Sai da muka taru a kansa muna roƙo, muka ce in Kwamanda ta tafi duk mun tafi. Ya dawo yana yi, amma waccan maganar bai sake faɗarta ba har muka fito. Ke ma don Allah ki kiyaye ta. Ban san me za ta yi masa ba in ya ji." Ya kurɓi ruwan. "Kullum in ya gama tashinmu sai in ce masa, kai kuma wa zai tashe ka? Ya ce, 'Tawa tana gida. Ranar da ta ainihin ta balbale ni da faɗa, ranar zan san na fito.' Shi ya sa da ya bugo mini ya ce in zo in ɗauke shi na kasa ganewa. Ya ce kina yi masa kirki irin wanda ake yi wa baƙo marar lafiya. Wai kin gama da shi, tausayi ne kawai ya hana ki faɗa."

Sai a lokacin tawul ɗin ya faɗo mini a rai. Da takalmin kan tebur, da kofin shayin kan farin yadi, da yadda yake tsayawa yana kallon bakina. Mutumin da ya koyi naɗe bargo kusurwa huɗu ba mantuwa ce ta sa shi jiƙa tawul ya shimfiɗa a gado ba. Kirana yake yi, ni kuma shashasha ina ta murmushi ina cewa babu komai.

Na miƙe, ko almakashin hannuna ban tuna na ajiye ba sai da Mai Surfani ta fizge. Kuku ya biyo ni da ɗan gudunsa. A hanya ina ta tsara abin da zan faɗa. Zan fara da kaɗan, da ɗan tsaki, in ga yadda fuskarsa za ta yi. Zan yi maganar tawul, in ƙara da ta yadin mutane. Ba zan ɗaga murya sosai ba, don maganar jami'ar nan ma ba ƙarya ba ce, na sha ganin yadda yake firgita in murfin tukunya ya faɗi. Waccan maganar kuwa ko kusa da ita ba zan je ba.

Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa, idonta ya yi ja. Ta ce, "Yana ciki, ya gama haɗa kaya." Na bar ta da Kuku suna gaisawa na tura ƙofar ɗaki.

Jakarsa na bakin ƙofa a ɗaure. Shi kuma yana kan gado da kayan tafiya a jikinsa, har da takalmi, ya naɗe ƙafafu, ya ba ƙofa baya. Fuskarsa tana kallon bango.

Duk abin da na tsara a hanya ya watse. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ce an kama su, kuma ni tsorona ta baki yake fita.

"Kai!" na ce, har labule ya motsa. "Kai Kofur! Da takalmi a kan zanin gadon da na wanke jiya da hannuna? Ka zaci ruwan famfo kyauta yake hawowa, ko bayana na ƙarfe ne? Wato ka haɗa jaka! Sannu, matafiyi! Shekara biyu ina zaune ina cin abinci kamar ina tauna tsumma, kowace mota ta tsaya a layin nan sai na leƙa, duk wanda ya yi sallama sai gabana ya faɗi, sannan ka dawo ka ce mini na gode? Na gode! Ni ka mayar mai sayar maka da burodi? Za ka tafi wanke kwanuka a tasha, kai da ko kofin gidanku sai da aka kama ka ka koyi wankewa! Wa ka bar wa uwarka? Wa ka bar wa ni?"

Na ji faɗuwar faranti a waje, da muryar Inna tana salati tana nufo ƙofa, da ta Kuku yana cewa, "Inna, don Allah tsaya, a bar su, aiki ake yi."

Kofur bai motsa ba. Ko kafaɗarsa ba ta ɗaga ba. Na matsa har gwiwata ta taɓa gadon, muryata ba ta sauka ba.

"Ina magana ka ba ni ƙeya? Ni za ka juya wa baya a ɗakina? Juyo ka dube ni! Ka ji ko ba ka ji ba? Tashi mana, ko mutuwa ka yi ne?"

Ta riga ta fita kafin in kama ta. Na toshe bakina da hannu biyu. Na san Kuku ya ji daga waje. Fanka tana ta juyawa a sama, ni kuma ina tsaye ina kallon bayan rigarsa, ina roƙon Allah a zuciyata ya sa ban ƙarasa abin da waɗanda suka kama shi suka fara ba.

Can sai na ga bayansa ya ɗaga, ya sauka. Ya yi magana da bango, a hankali, kamar yana gwada kalmomin a bakinsa.

"Ban mutu ba."

Ya juyo. Fuskarsa sharkaf da hawaye, har cikin kunne. Ya dube ni ido cikin ido, irin kallon da rabona da shi tun kafin yaƙi.

"Ban mutu ba, Kwamanda," ya sake cewa, wannan karon da ƙarfi.

Na san yanzu ba lokacin yin laushi ba ne. Na ja majina, na dafe ƙugu.

"To in ba ka mutu ba, sauke mini ƙafafun nan daga kan zanin gadona."

Ya dubi takalman, ya dube ni. Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Sai ya miƙe ƙafafun sosai, ya ɗora ɗaya kan ɗaya, ya sa hannuwa a ƙarƙashin kai.

"In sun dame ki," ya ce, "zo ki sauke su da kanki."

"Ka ji mini mutum! Ka ji mini rashin kunya!"

Na zauna bakin gadon na jawo ƙafarsa kan cinyata ina kwance igiyar takalmin, bakina bai tsaya ba. Na yi faɗan laka, na yi faɗan igiyar da ya ƙulle kamar zai ɗaure akuya, na yi faɗan abokinsa da zai koma tasha shi kaɗai bayan ya cinye mana shinkafa. Na zare takalmin, na zare safar. Tun dawowarsa bai taɓa bari na ga ƙafafunsa tsirara ba, sai yau. Babu farce ko ɗaya, tafin duk tabo ne layi-layi, yatsu biyu sun karkace sun warke a haka.

Na ji ya ɗauke numfashi yana jira ya ji ko muryata za ta canza.

Na riƙe ƙafar da hannu biyu, hawaye na ɗiga a kanta, na ce, "Dubi safa don Allah, duk ta huje, kuma wai mijin tela ne. Miƙo ɗayar."